Yaya ake raba zane mai kyau da jagwalgwalo?

Wani ɗan kasuwa daga Fagge ya aiko da wannan tambaya: "Na raka ɗana wani baje kolin zane-zane da ɗalibai suka shirya a nan Kano. Na ga wani babban zane wanda babu mutum a cikinsa, babu gida, babu bishiya, sai shuɗi da baƙi da ɗan ɗigon ja, amma kuɗin da aka sa masa ya ninka na wani zanen hawan sallah da ke kusa da shi, wanda dawakan cikinsa kamar su yi haniniya. Shin akwai ƙa'idar da ake bi a gane mai kyau, ko kuwa rufa ido ne kawai irin na 'yan boko?"

Alhaji, ƙa'ida akwai ta, sai dai ba irin ta sikeli ba ce da za a ɗora zane a kai allura ta nuna nauyinsa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma duk aikin mai nazarin zane bai wuce ya iya faɗin dalilin da ya sa idonsa ya ba wannan kima ya hana wancan ba. Zanen nan biyu kai ka tsaya a gabansu ba ni ba, saboda haka ba zan yanke musu hukunci daga nesa ba. Mai yiwuwa ne shuɗin nan aikin gwani ne, mai yiwuwa ne kuma ɗalibin ya ga ranar baje koli ta matso ya watsa fenti ya huta, domin duka biyun na gani a shekarun da na yi ina koyar da zane. Abin da zan iya yi shi ne in nuna maka yadda za ka koma ka duba da kanka, kuma idon da ake buƙata kana da shi tun tuni, a kasuwa ka samo shi.

Ka tuna yadda kake sayen hula ana gobe sallah. Ba ka taɓa ɗaukar zanna ko damanga ka tambayi mai ita, "Me wannan hular take nufi?" Abin da kake yi shi ne ka ɗaga ta zuwa haske, ka juya ta a hannunka ka ga ko zanen ya zagayo ya haɗu da inda ya faro ba tare da ya karkace ba, ka kifa ta ka leƙa bayan ɗinkin, ka shafa da babban yatsa ka ji ko zaren ya cika ko an yi masa rowa, sannan ka kara ta da shaddar da za ka sa ka ga ko launukan za su zauna lafiya. A cikin minti biyu ka riga ka raba aikin hannu da na inji, ka kuma san wadda mai ɗinkin ya yi wata guda a kanta da wadda aka yi don a cika dozin. Hular nan babu doki a jikinta, babu mutum, ba ta kama da komai sai kanta, amma ba ka taɓa kiranta rufa ido ba. Layi da launi da tsari da ingancin hannu ka duba, kuma su ɗin ne dai ake dubawa a zanen da ke rataye a bango, ko a Kano yake ko a Paris.

Kuskuren da kusan kowa yake yi a gaban zane shi ne gaggawar neman ma'ana tun kafin ya gama ganin abin da ke gabansa. Ɗalibaina na shekarar farko nakan kafa musu zane ɗaya in ce su kalle shi minti goma cur ba magana, sannan kowa ya rubuta abin da ya gani, da sharaɗin kada kalmar "kyau" ko "muni" ko "yana nufin" ta shiga takardarsa. Minti biyun farko sukan yi ta mutsu-mutsu suna duba agogo. Wajen minti na biyar sai ka ga wani ya matsa gaba, domin ya lura cewa bangon da ya ɗauka fari ne ashe akwai ruwan hoda da ruwan toka a cikinsa, wata kuma ta gano cewa dukkan mutanen da aka zana gefe ɗaya suke kallo in ban da yaro guda. Wannan yaron shi ne mabuɗin zanen gaba ɗaya, kuma wanda ya tsaya daƙiƙa goma ya ɗauki hoto da waya ya wuce ba zai taɓa haɗuwa da shi ba.

Idan ka gama ƙididdige abin da ke ciki, sai ka tambayi kanka inda idonka ya fara sauka, da inda ya nufa daga nan, da abin da ya ja shi. Mai zanen da ya san aikinsa ba ya barin idon mai kallo ya yi yawo kara zube. Yana jansa ne kamar raƙumi da akala, ta hanyar ajiye wuri mafi haske dab da wuri mafi duhu, ko ta layin da ya karkata, ko ta hannun da ke nuni, ko ta ɗigon launi mai zafi irin ja a tsakiyar mai sanyi irin shuɗi. Ɗan jan nan da ka ambata, tunda har ka tuna da shi bayan ka koma gida, akwai alamar ya yi aikin da aka sa shi. Layin da ke kwance yana kawo natsuwa, na tsaye yana nuna ƙarfi da tsayuwa, karkatacce kuwa motsi yake kawowa, shi ya sa dokin da aka zana ya ɗaga ƙafafun gaba ya fi wanda ke tsaye ƙyam ɗaukar ido. Sai kuma batun nauyi, wato yadda aka raba kaya tsakanin ɓangarorin zanen. A nan ba ni da misalin da ya fi babbar riga mai aska takwas. Aikin ya taru a hagu wajen aljihu, askakin suna saukowa da tsininsu ƙasa, dama kuwa tambari ne kawai da ya naɗe kamar gammo, da fili. Hagu da dama ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan, amma ba wanda ya taɓa cewa rigar ta rinjaya gefe guda, domin zagayen tambarin nan da filin da aka bar masa sun ɗauki nauyin duk askakin. Turawa sun rubuta littattafai a kan wannan irin daidaito, maɗinkanmu kuwa da allura suka warware shi. Filin da aka bari babu komai shi ma aiki ne, kuma sau da yawa a nan ake gane gwani, domin ɗan koyo tsoron fili yake yi, sai ya cusa wa kowane lungu ado.

Launi kuwa, mutumin da ya taso a garin da yake da marinar Ƙofar Mata bai kamata a yi masa dogon bayani a kan shuɗi ba. Ka tsaya bakin ramukan nan ka ga yadda zane yake fitowa daga ruwan baba da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka, a sake tsoma shi a sake fitarwa har ya yi duhun da ya kusa zama baƙi, sannan a kai shi mabuga a buga masa shuni ya riƙa walƙiya. Shuɗi ɗaya ne a baki, amma a ido ya fi goma. To, idan ka koma gaban wancan zanen, ka ƙirga shuɗin da ke cikinsa. Idan iri ɗaya ne lilis kamar an yi wa shago fenti, wannan magana ce daban. Idan kuwa ka ga an shimfiɗa wani a kan wani, na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama, mai duhu yana zurfafawa mai haske yana tasowa, to hannu ya wahala a wurin. Akwai kuma abin da masu zane suka daɗe da sani, cewa launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa ne yake ɗaga shi ko ya kashe shi. Ja yana ƙara ƙarfi kusa da kore, shuɗi kusa da ruwan goro, ruwan ɗorawa kusa da shunayya. Vincent van Gogh, mutumin Holan, ya zana wani dare mai taurari a shekarar 1889 a kudancin Faransa, zanen da yanzu yake New York, kuma abin da ya sa taurarin nan suke ci kamar garwashi shi ne ruwan ɗorawa da fari da ya dasa a tsakiyar shuɗin da yake murɗawa kamar guguwa, fentin kuma da kauri har ana ganin sawun burushi ɗaya bayan ɗaya. A nan gida ma marigayi Yusuf Grillo na Legas an san shi da shuɗi da shunayya, har masu kallo kan gane aikinsa daga nesa tun kafin su karanta sa hannunsa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya burge ka a zanen hawan sallah, wato kama. Iya zana doki ya fito doki gwaninta ce ta gaske, kuma ba na cikin masu raina ta, domin na san shekarun da ɗalibi yake ci kafin ya iya haɗa ƙafar doki da kafaɗarsa ba ta fito kamar ta tebur ba. Dabaru ne ake koya. Ɗaya daga ciki za ka iya ganinta idan ka hau Dala da hantsi lokacin hunturu: rufin gidajen da ke gindin dutsen kana ganin tsatsar kwanonsu da kayan shanya, amma can wajen Goron Dutse komai ya dusashe ya koma ruwan toka, gefunansa sun narke cikin hazo. Mai zane yana kwaikwayon wannan ne don ya sa shimfiɗaɗɗen ƙyalle ya yi zurfi, kuma Leonardo da Vinci ya yi amfani da ita a duwatsun da ke bayan Mona Lisa, zanen da ya fara wajen shekarar 1503. Ɗaya dabarar ita ce ta layukan da suke tsukewa su haɗu a wuri ɗaya can nesa, kamar yadda layin dogo yake yi wa mai tsaye a tsakiyarsa, wadda masu zanen birnin Florence na Italiya suka tsara ƙa'idarta a farkon ƙarni na 15. Sai dai ka lura, wannan hanya ce ɗaya daga cikin hanyoyi, wadda wasu mutane suka zaɓa a wani zamani. Da aka bayyana na'urar ɗaukar hoto a 1839, ta zo tana yin kama cikin ɗan lokaci kuma da araha, sai masu zane da yawa suka tambayi kansu abin da hannu zai iya wanda na'ura ba za ta iya ba. Daga amsoshin wannan tambaya ne aka samu mafi yawan zanen zamani da ke ɗaure wa mutane kai.

Ga misali guda da nake so ka nemo ka kalla a natse. A ranar 26 ga Afrilu, 1937, jiragen yaƙin Jamus da na Italiya suka yi wa garin Guernica na ƙasar Sifaniya ruwan bama-bamai, a lokacin yaƙin basasar ƙasar. Pablo Picasso, mai zane ɗan Sifaniya wanda yake zaune a Paris, ya yi zane a kan abin a wannan shekarar, mai ɗauke da sunan garin, faɗinsa ya kusa mita takwas, tsayinsa mita uku da rabi, kuma yanzu zanen yana Madrid. Babu jirgi ko ɗaya a cikinsa, babu bam, babu jini ja, domin baƙi da fari da ruwan toka kawai ya yi amfani da su, irin launin hoton jarida. A hagu akwai bijimi, a ƙarƙashinsa mace ta ɗaga kai sama tana kururuwa da gawar ɗanta a hannu. A tsakiya doki ne da aka soke, bakinsa a wangame, harshensa kamar tsinin wuƙa. A ƙasa mayaƙi ya faɗi a guntule, hannunsa na riƙe da karyayyen takobi, da wata 'yar fure kusa da shi da ba kowa ke lura da ita ba. A sama ƙwan lantarki ne cikin siffar ido, wata mata ta zuro kai da hannu ta taga da fitilar aci-bal-bal irin tasu, can dama kuma wata ta ɗaga hannuwa wuta tana cin gidan da take ciki. Dokin nan ba ya kama da dokin da za ka saya a kasuwa, idanun mutanen ma ba a inda Allah ya ajiye su suke ba, kuma ba don Picasso bai iya ba ne, tunda zane-zanen ƙuruciyarsa suna nan ana gani, masu kama kamar a taɓa. Ya karya siffofin ne domin abin da yake ba da labarinsa karyewa ce. Da ya zana kyakkyawan doki mai sheƙi, da kallon dokin za a tsaya yi a manta da garin. Ma'ana ta fito ke nan, amma ka ga sai da muka bi ta kan abin da ke ciki da yadda aka jera shi da lokacin da aka yi shi kafin mu iso gare ta.

Zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai kuwa, mu ne ya kamata mu fi kowa saurin fahimtarsa, kuma yana ba ni mamaki yadda muke ɗaukarsa baƙo. Turai ba ta shiga wannan hanya sosai ba sai a shekarun 1910, ta hannun irin su Kandinsky da Malevich da Mondrian. Mu kuwa allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani, da adon da marubuta suke sawa a gefen shafi wajen hizbi da sumuni, da dagi da magina suke fitarwa a fuskar soro, da zanen ƙwarya, da aikin dukawa a jikin jaka da linzami, duk layi ne da launi da maimaici, kuma tun kaka da kakanni ake yinsu ana kuma bambance na gwani da na ɗan koyo. Hukuncin zana mai rai fage ne na malaman fiƙihu, ba nawa ba. Abin da ya shafi fagena shi ne cewa wannan kaffa-kaffa ta sa hannun mutanenmu ya ƙware a wata hanyar daban, har ta zama gado. Masu zanen zamani da dama sun koma wa irin wannan gado da gangan. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ya gina aikinsa a kan lanƙwasar harafin Larabci irin na allo, kuma a 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa. A Zariya ma, a 1958, wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da shi Grillo, sun kafa ƙungiya a kan cewa za su ɗauki dabarar da Bature yake koya musu amma su zuba mata kayan gida.

Wannan ba ya nufin duk wanda ya watsa fenti ya zama El-Salahi. Jagwalgwalo yana nan, har a manyan ɗakunan baje koli, kuma akwai hanyoyin kama shi. Ka miƙa tafin hannunka ka rufe wani ɓangare daga inda kake tsaye, misali ɗigon jan nan. Idan da ka rufe shi zanen ya mutu, to an sa shi ne da lissafi, idan kuwa za ka iya rufe kowane ɓangare ba abin da ya ragu, to babu abin da ke riƙe da wani. Ka ja da baya taku goma ka ga ko yana da ƙashin baya, sannan ka matso dab da shi ka ga ko akwai abin da ya ɓoye wa na nesa, domin zane mai kyau yana biyan na kusa da na nesa kowa da nasa rabon. Ka duba kusurwoyi huɗu, nan ne malalaci yake tona wa kansa asiri, kamar yadda bayan ɗinki yake tona wa mai hula. Abin da ya fi duka kuwa, ka nemi ganin sauran ayyukan mai zanen, har da littafin da yake gwaji a ciki da fensir. Wanda ya zaɓi ya bar kama bayan ya iya ta, za ka ga alamar iyawar a yadda yake jan layi, wanda kuma ya gudu daga gare ta don ta gagare shi, shi ma ba ya ɓoyuwa.

Irin wannan awo za ka yi wa zanen hawan sallar ma, kada kamar ta sa ka yafe masa. Ka duba ko daga wuri ɗaya rana take haska dawakan, ko kuwa inuwar wannan ta faɗi gabas ta wancan ta faɗi yamma. Ka duba ko kofatan sun taka ƙasa da nauyi ko suna shawagi. Ka duba ko jan kayan dogarai da farin rawuna da launin lema sun kai idonka ga sarki, ko kowa yana ihun kansa. Sannan ka tambayi kanka ko mai zanen ya nuna maka wani abu game da hawa wanda hoton waya bai taɓa nuna maka ba, ko ƙura ce, ko gajiyar wani zagi, ko yadda doki yake tauna linzami. Da yawa daga cikin irin waɗannan zane-zane hoto aka ajiye aka kwafa layi-layi, kuma mai kwafa yakan kwafo har da kuskuren kyamara.

Kuɗi kuwa wata kasuwa ce daban, kuma kai ka fi ni sanin cewa farashi da inganci ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba. Zane mai suna Tutu, wanda Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, ya yi a 1974, an sayar da shi a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Zane ne mai kyau ƙwarai, amma abin da aka biya ya haɗa da sunan mai shi, da shekarun da zanen ya yi a ɓace kafin a gano shi a wani gida a Landan, da kuma masu kuɗin da suka yi takara a kansa ran gwanjo. A baje kolin ɗalibai kuwa, yawanci ɗalibin ne da kansa yake yanka farashi, yana lissafa girman ƙyalle da fentin da ya ci, wani lokacin har da burinsa.

Idan ba a rufe baje kolin ba, ka koma da safe kafin a cika, ka ba kowane ɗaya daga cikin biyun minti gomansa, a tsaye a gabansa ba ta fuskar waya ba, domin a waya Mona Lisa da ba ta kai mita ɗaya ba da Guernica mai cika bango girmansu ɗaya, kaurin fenti kuma ba ya fitowa. In ka samu mai shuɗin a wurin, kada ka tambaye shi abin da zanen yake nufi, domin zai karanto maka abin da ya haddace don malaminsa. Ka tambaye shi wane launi ya fara shimfiɗawa a ƙasa, me ya goge ya sake, kuma me ya sa jan ya zauna a inda yake bai matsa taƙi ɗaya zuwa hagu ba.